An janye kayan wasan yara a Amurka: in kwashe na gidana in zubar?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni uwa ce a Tudun Wadan Zariya. Yarana uku: babbar shekararta shida, mai bi mata shekara biyu, sai jaririya 'yar wata huɗu. An turo wani bidiyo a gurup ɗinmu na WhatsApp cewa a Amurka ana ta janye kayan wasan yara daga kasuwa saboda guba, wai kuma duk 'yan Chana ne. Gidana cike yake da irinsu, na kasuwar Sabon Gari da waɗanda ake ba su da Sallah, ga kujerar kwantar da jariri da na saya a gwanjo. In kwashe duka in zubar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Kada ki kwashe duka, amma akwai waɗanda nake so su bar gidanki yau ɗin nan, kuma ba sunan ƙasar da ke jikinsu ne zai nuna miki su ba.

Maganar janye kaya gaskiya ce, duk da cewa sau da yawa tsohon labari ake sake turowa ba kwanan wata. Shekarar da abin ya fi girgiza iyaye ita ce 2007. A watan Yuni kamfanin RC2 ya janye jiragen ƙasa na katako masu suna Thomas har miliyan ɗaya da rabi, saboda an sami dalma a fentinsu. A watan Agusta kamfanin Mattel ya janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya masu tambarin Fisher-Price a Amurka kan wannan matsala ta fenti, mako biyu bayan nan ya sake janye fiye da miliyan 18 a duniya saboda ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa daga jikinsu. A watan Nuwamba aka janye wasu duwatsun ado na wasa, Aqua Dots, miliyan 4.2, bayan yaran da suka haɗiye su sun suma, domin masana'anta ta sauya sinadarin da aka ce ta yi amfani da shi da wani mai araha. Wannan ne ya sa a 2008 Amurka ta yi sabuwar doka: aka rage dalmar da aka yarda da ita a fenti daga kashi 600 cikin miliyan zuwa kashi 90, aka kuma wajabta gwada kayan yara a ɗakin gwaji mai zaman kansa kafin a sayar.

Duk waɗannan a Chana aka ƙera su, haka ne. Amma a watan Satumba na 2007 wani babban jami'in Mattel ya je Beijin ya nemi afuwa a bainar jama'a, ya ce mafi yawan kayan da suka janye kuskuren tsarin da kamfanin ya zana ne, ba laifin masana'antun Chana ba. Mafi yawan kayan wasan duniya daga can suke fitowa, masu kyau da marasa kyau. Wanda ya ba da oda ya ce a bi ƙa'ida, ya biya kuɗin gwaji, za a yi masa mai kyau. Wanda ya ce a yi masa mafi araha don ya cika kwantena, shi ma za a yi masa. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Ga abin da ya fi damuna, kuma shi nake so ki riƙe. Ba a iya janye kaya sai yana da suna, da kamfanin da ya yi shi, da lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki, da hukumar da ke tattara rahoton yaran da suka ji rauni. Motar robar da ake sayarwa a faranti a Sabon Gari ko a bakin Kwangila, a ƙulle cikin leda, ba suna ba adireshi, babu ranar da za ki ji an janye ta, ko da kuwa ta fi waccan ta Amurka haɗari sau goma. Saboda haka rashin ganin abu a jerin da aka turo ba shaida ce ta lafiyarsa ba. Muna da hukumomi: SON mai kula da ingancin kaya, wadda tun 2005 take da tsarin SONCAP na tantance kayan da za a shigo da su tun daga ƙasar da aka yi su, kuma kayan wasa suna ciki, FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da NAFDAC mai kula da magani, abinci da kayan shafe-shafe. Amma tsakanin tashar ruwan Legas da teburin mai tireda a Samaru hannuwa da yawa ne, kuma ba kowane kaya ne ke bin ƙofa ba. Ko inda aka yi sanarwar ma, ba lallai ta iso ɗaki ba. Mu a Zariya ba mu manta da My Pikin ba, maganin fitar haƙori da aka yi a Legas, wanda a ƙarshen 2008 aka gano an haɗa shi da sinadarin diethylene glycol mai kashe ƙoda. Yara 84 suka rasu a ƙasar nan, garinmu yana cikin wuraren da abin ya shafa, kuma wasu yaran an ba su maganin ne bayan an riga an sanar da janye shi, domin kwalbar tana nan a kan kanta a ɗaki, labari bai iso ba.

To, tunda ba mai kiranki a waya ya ce ki mayar da kaya, ke ce mai binciken. Ki juye kwandon kayan wasan a kan tabarma bayan sun yi barci, mu bi su.

Fara da duk abin da ke kawo wuta ko kiɗa: wayar wasa, agogon Sallah, takalmi mai walƙiya, sandar nan mai fitila, bindiga mai ƙara. Juya bayansa ki nemo murfin batir. In sukuru ne ya ɗaure shi, sai an sa sukundireba kafin ya buɗe, to da sauƙi. In kuwa da farce za ki iya ɓalle shi, ko ya riga ya karye an naɗe shi da salatif, ki cire batiran ki raba yaran da shi. A duk abin da zan lissafa miki, ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli shi na fi tsoro. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yawu yana haɗa wutarsa, sai ya riƙa fitar da sinadari irin sodar da mata ke yin sabulu da ita, yana cin nama. Cikin awa biyu zai iya yin mummunar ƙuna, ya huda hanyar abinci, wani lokaci har ya kai ga babbar jijiyar jini. Wanda ya fi ɓarna shi ne mai faɗi, wanda aka rubuta CR2032 a jikinsa, kuma ko ya daina kunna abin wasa yana da sauran wutar da za ta ƙona. Ba a kayan wasa kawai yake ba. Akwai shi a makullin mota, da wasu rimot, ga ƙananansa a carbin lantarki da ake sawa a yatsa, wanda Hajiya Kaka kan miƙa wa jika don ya yi shiru.

Abin da ke yaudarar iyaye shi ne yaron yana iya ci gaba da wasansa. Wani sai dalalar da yawu, ko ya ƙi abinci, ko amai da tari, a ɗauka mura ce. Idan kin ga murfi a buɗe, batir ba ya nan, ki ɗauka ya haɗiye har sai hoton eksire ya nuna akasin haka. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. A tafi babban asibiti kai tsaye, irin na Shika, inda akwai hoto da masu iya ciro shi, kada a tsaya kemis, kuma kada a ce sai gari ya waye. Idan yaron ya cika shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 ba, a ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma, har sau shida, a kan hanya. Zumar tana rage ƙunar, ba ta fitar da batir, don haka kada neman ta ya jinkirta tafiya. Jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma.

Sai ƙananan abubuwa, kuma a nan ɗanki mai shekara biyu ne a gaba. Za ki ga wata alama a kwalaye: jan da'ira da aka ja wa layi, a ciki fuskar yaro a murtuke da rubutun 0-3. Iyaye da yawa suna ce mini ai nasu yana da wayo, ya wuce wannan. Ba wayo ake aunawa ba, faɗin maƙogwaro ne. Ma'aunin da masu gwaji ke amfani da shi wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya bai dace da yaron da bai kai shekara uku ba. A gida ki yi amfani da kwalin da ke tsakiyar tishu, ya ɗan fi wancan faɗi, wanda hakan ya fi ma. Kuma kada ki auna abin yadda yake kawai. Ja tayar motar da ƙarfi, murɗa kan 'yartsana, ƙwaƙule idonta da farce, ki sake shi ya faɗi a siminti. Abin da ya ɓalle a hannunki zai ɓalle a bakinsa. Ki kula sosai da usur, musamman ɗan ƙaramin da ke cikin abin busawa da robobin da ake matsawa su yi ƙara, domin yaro yana jan numfashi zai busa sai ya zuƙe shi zuwa huhu. Balan-balan kuwa, wanda ba a hura ba da guntun wanda ya fashe, yana manne wa hanyar iska ya rufe ta ruf, ya fi abu mai tauri wuyar fitarwa. Matsalarki ta musamman ita ce kayan babbar. Duwatsun da take shirya sarƙa da su sun dace da shekarunta, amma ƙaninta yana bayanta. A sama mata gwangwani mai murfi, a ɗora a sama, ta yi wasan lokacin da yake barci.

Idan Allah ya kiyaye yaro ya shaƙe, in yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin. In ya kasa kuka, ya kasa numfashi, ki kifa shi a cinyarki kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar. Bai fito ba, jariri ki juya shi rigingine ki danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar. Wanda ya wuce shekara ki tsaya bayansa ki matsa cikinsa sama da cibiya, ciki da sama, sau biyar. A yi ta maimaitawa ana neman abin hawa. Kada a zura yatsa ana lalube, tura shi ciki ake yi.

Maganaɗisu maganarsa gajera ce. Guda ɗaya kan iya wucewa, amma biyu ko fiye suna jan juna ta cikin hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har ya huje, sai tiyata. Ƙananan masu ƙarfi, masu sheƙi kamar azurfa, kada su kwana a gidan da ke da ƙaramin yaro.

Yanzu gubar da bidiyon ya ambata, wato dalma. Mu 'yan Arewa mun ga iyakar sharrinta a Zamfara a 2010, lokacin da niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ya kashe yara fiye da 400. Ta kayan wasa ba ta cika zuwa da wannan fuskar ba. Kaɗan-kaɗan take shiga, yaro yana tsotsa yana gwaguyar fenti, ba zazzaɓi ba kuka, sai daga baya a ga ƙarancin jini, ciwon ciki, rashin natsuwa, karatu ya ƙi zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai zuƙa. Ba a ganinta da ido, ba ta da wari, wanki ba ya fitar da ita daga fenti, sai na'ura ce ke nunawa. Abin da za ki iya shi ne rage hanya. Duk abin da fentinsa ke ɓarewa, ko ya bar launi a jiƙaƙƙen farin ƙyalle in kin goga, ki fitar. Haka sarƙa, zobe da awarwaron ƙarfe masu arha da ake saya wa 'yan mata da Sallah, musamman masu nauyi fiye da girmansu. A 2006 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu a Minneapolis ta Amurka bayan ya haɗiye ɗan abin ado mai siffar zuciya da aka bayar kyauta tare da takalman Reebok, da aka gwada sai aka ga kusan zallar dalma ce. A wanke musu hannu kafin cin abinci, a kuma ba su wake, zogale, hanta, kifi da nono, domin cikin da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na ƙashi ya fi zuƙar dalma.

Zan faɗi wata magana da na san ba kowa zai so ta ba. Ga jaririyarki, na fi jin tsoron kwalli fiye da duk motocin da ke kwandon nan. Dutsen kwallin nan mai ƙyalli da ake niƙawa, asalinsa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin wani jariri ɗan wata shida a Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka sami dalma ta hau a jininsa. Da aka bi diddigi sai aka gano tozalin da ake sa masa ne, kashi 82.6 cikin ɗari na abin dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, wani kuma yana bin hanyar hawaye ya sauka maƙogwaro. Iyayenmu da suke sawa ƙauna ce ta sa su, sun gada ne, ba su san abin da ke ciki ba. Ki yi wa kakarta bayani cikin ladabi, in ya fi sauƙi ki ce likita ne ya hana.

Kujerar da kika saya a gwanjo ita ce ta fi kusa da ainihin tambayarki. Dokar Amurka ta hana sayar da kayan da aka janye, ko da na hannu ne, amma wanda ke tattara tsofaffin kaya yana cika kwantena ba ya zama ya duba lamba, mai buɗe dila a nan ma bai sani ba. A watan Afrilu na 2019 aka janye kujerar barcin jarirai ta Fisher-Price mai suna Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai fiye da 30. A Janairun 2023 aka sake sanarwa, adadin ya kai kusan 100, wasu sun rasu bayan janyewar farko. Matsalar a jingine take. Jariri bai iya riƙe wuya ba, kansa yana faɗowa gaba haɓa ta taɓa ƙirji ta toshe iska, ko ya mirgina fuskarsa ta nutse a lallausan ƙyalle ya kasa juyowa. Tun 2022 Amurka ta haramta irin waɗannan kujerun barci gaba ɗaya. Ko taki ba wannan ba ce, in dai a jingine take, kada jaririya ta yi barci a ciki. Ta zauna idonta biyu, a ɗaure da bel, kina kallonta. Barci ya ɗauke ta, ki mayar da ita shimfiɗa mai tauri, a miƙe, a rigingine, ba filo. Duba ƙarƙashin kujerar ko jikin ƙafarta, akwai takarda mai sunan kamfani da lambar samfuri. Rubuta su a Google tare da kalmar recall, wato janye kaya, ko ki duba shafin hukumar CPSC mai janye kaya masu haɗari a Amurka da na Safety Gate na Tarayyar Turai. In ta fito a jerin, ko an goge takardar, ki daina amfani da ita.

Nan da 'yan watanni wani zai kawo miki keken koyon tafiya, irin wanda ake zaunar da yaro a ciki mai tayoyi. Kanada ta haramta shi tun 2004. Ba ya sa yaro saurin tafiya, gudu kawai yake ba shi zuwa murhu, tukunyar ruwan zafi, bakin rijiya da matakala. Fida da robar tsotso kuma, wadda ta tsage, ta yi danƙo ko ta dushe, a canza ta. Alamar CE da za ki gani a kwali, mai nuna wai kayan ya bi ƙa'idar Tarayyar Turai, kada ta kwantar miki da hankali ita kaɗai, domin mai kaya ne ke buga ta da kansa, kuma mai jabu ma yana da injin bugawa. Na fi yarda da kwalin da ke da cikakken sunan kamfani, adireshi, lambar rukuni da shekarun da abin ya dace da su. Roba mai warin fetur ko kananzir kuwa, ki bar wa mai ita.

Abin da kika ware kada ki ba 'ya'yan maƙwabta ko mai aiki, kuma kada a hura wuta da shi, hayaƙinsa ma guba ne. Ki farfasa shi yadda ba zai ɗauku ba, ki ƙulle a leda, domin yara suna tsince-tsince a bola. Batiran ki naɗe kowanne da salatif gaba da baya kafin ki zubar. Ki kuma yi magana da Alhaji da kawunnansu tun kafin Sallah ta matso, tunda su ne masu tsayawa a hanya su sayo: ƙwallo babba, littafin hotuna, ko tubalan katako marasa fenti sun wadatar wa mai shekara biyu. In wani kaya ya ji wa yaro rauni, ki ajiye abin da kwalinsa da rasit in akwai, ki ɗauki hoto, a kai ƙara FCCPC ko ofishin SON, ki kuma gaya wa mai shagon don ya sauke sauran. Idan kuma ɗanki ya daɗe yana gwaguyar abu mai fenti, ko an jima ana sa wa jaririyar kwalli, ki kawo su asibiti ki faɗa wa likita haka ƙarara, ki nemi a auna yawan jininsu, a kuma tura ku inda ake gwajin dalma.